Me Za A Zuba A Kofi Daren Cikar Shekarar Aure?

Iyayenmu a ƙasar Kance ba su san wani dare da ake warewa don tuna ranar ɗaurin aure ba. In ka tambayi tsohuwa shekarunta nawa a ɗakin miji, da ƴaƴa za ta ƙirga maka, ko ta ce an kawo ta ne kakar da ta biyo bayan yunwar 1984. Yanzu abin ya fara sauyawa. Malaman makaranta, ma'aikatan gidan likita, da matasan ƴan kasuwa masu bin hanyar Ɗan Barto zuwa Daura da Kano, da yawansu sun riƙe ranar aurensu, kuma in ta zagayo suna so a yi girki na musamman, a kwantar da yara da wuri, a zauna su biyu. Hoton da waya ta koya musu kuwa iri ɗaya ne ko'ina: faranti biyu, kofunan gilashi masu dogon wuya, da baƙar kwalba mai takardar zinariya a wuya. Ni ban ga aibin miji ya ware wa matarsa dare ya kyautata mata ba, ko da wasu malamai ba su saki jiki da ƙayyade rana a kowace shekara ba. Abin da nake so a duba shi ne kwalbar: me ke cikinta, kuma ita ce ta fi cancantar wannan zama a gari irin Matameye?

A Faransa da Italiya, inda hoton ya samo asali, giyar inabi ce a kwalbar, kuma zaɓenta fanni ne da ake koyo, har manyan gidajen abinci kan ɗauki mutum wanda aikinsa ke nan kaɗai. Ƙa'idarsu sananniya ce: ja da jan nama, fara da kifi ko kaza, mai kumfa ta yankin Shampan don buɗe zama. Dalilin ma ba ɓoyayye ba ne. Ja tana ɗauke da bauri daga ɓawon inabi da ƙwayarsa, baurin nan kuma yana kankare maiƙon nama daga harshe, sai loma ta gaba ta zo da daɗinta sabo. Fara kuwa tsaminta ke raya abinci mara nauyi. In aka lura, cikin duk wannan lissafi babu inda maye ya shigo. Tsami ake nema, da bauri, da launi mai kyau a gilashi, da abin da za a riƙa kurɓa a hankali ana hira. Waɗannan huɗun duk muna da su a kasuwarmu.

Hukuncin giya a wurinmu ba ya bukatar dogon bayani. Aya ta 90 a Suratul Ma'ida ta rufe ƙofar, kuma ƙa'idar da malamanmu na Malikiyya ke bi ita ce duk abin da yawansa ke bugarwa, kaɗan ɗinsa ma haramun ne. Inda ruɗani yake shi ne kanti. Dokar Nijar ba ta hana sayar da giya ba, saɓanin Kano inda aka ƙaddamar da shari'a a 2000, Hisba kuma take farfasa kwalabe a bainar jama'a. Saboda haka a manyan kantunan Damagaram ko Maraɗi ko Yamai mutum zai iya tarar da kwalabe iri uku a jere, sifarsu ɗaya, murfinsu ɗaya, abin cikinsu daban-daban. Yaron kanti zai ce maka, "Alhaji, wannan ai ba komai a ciki, ita ake sha a biki." Mai yiwuwa da gaskiyarsa, mai yiwuwa kuma shi ma bai taɓa karanta takardar jikinta ba.

Iri na farko ruwan inabi ne ko na tuffa wanda bai taɓa tsima ba, aka dafa shi sama-sama don kashe ƙwayoyin da ke tsimar da shi, aka hura masa iskar kumfa. Irin su Chamdor da Eva da suka cika shagunan Kano ke nan, waɗanda ake ce wa wayin a can, mu kuma mu ce shampan. Dabarar tsohuwa ce. A 1869 wani likitan haƙori a Amurka, Thomas Welch, wanda ba ya son a riƙa shan giya a cocinsu, ya ɗauki hanyar Louis Pasteur ta dumama abin sha ya yi amfani da ita a ruwan inabi don kada ya juye. A jikin irin wannan kwalba za ka iya ganin an rubuta "jus de raisin pétillant", kuma babu wani abin shakka a cikinta. Iri na biyu giya ce ta ainihi, wadda aka bari ta tsima sannan aka zare mata sinadarin maye da na'ura. Wani Bajamushe mai suna Carl Jung ya yi rajistar wannan dabara tun 1908. Ita ake rubuta wa "vin désalcoolisé". Zarewar ba lallai ta kai ƙarshe ba: dokar Tarayyar Turai ta 2021 ta yarda a ba ta wannan suna muddin ragowar bai wuce kashi 0.5 cikin ɗari ba, a Faransa ma ana rubuta "sans alcool" a jikin giyar sha'ir mai ragowar har kashi 1.2. Malamai sun saɓa a kan wannan iri, wasu na duba cewa ba ta bugarwa, wasu na duba asalinta. Shawarata a bar ta, domin daren da aka ware don nutsuwa bai kamata a shigo masa da abin da zuciya za ta riƙa ɗar-ɗar a kansa ba. Iri na uku giya ce tsagwaronta, yawanci mai kashi 11 zuwa 14, kuma alamarta lamba ce da "% vol" a gefen takarda, ko kalmomi irin su "vin mousseux" da "sangria". Kwali ma ba hujja ba ne. Don Simon na Sifen yana zuba lemon ƴaƴan itace a kwali, yana kuma zuba giya a kwali, da suna ɗaya a goshi.

To a ce an dace da iri na farko, mai tsarki. Shin ya yi aikin da ake nema? A ganina rabi ya yi. Yana da kyau a ido, murfinsa na yin ƙara in an buɗe, kuma mace ta san an kashe kuɗi an tuna da ita, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma a baki zaƙi ne zalla. Ruwan inabi na ɗauke da wajen giram 15 na sukari a kowane mililita 100, wato kwalba mai santilita 75 ta haura giram 100, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2015 cewa babban mutum kada ya wuce kimanin giram 50 a yini. Zaƙi irin wannan ba ya wanke maiƙo, ƙara masa nauyi yake yi. A ɗora shi kan soyayyar kaza, kafin a kai rabin faranti an gundura. Ga kuma tafiyar da kwalbar ta sha a bayan mota cikin rana, da watannin da ta yi a kanta. Wanda zai saya ya duba ranar lalacewa, ya ɗaga kwalbar ya ga ko akwai gurɓata a ƙasanta.

Abin shan da ya fi kusa da abin da Bature ke nema a jar giya shi ne zoɓo, kuma a gefen gonakin gero da gyaɗa na yankinmu yake fitowa. Ganyensa yakuwa ce ta miya da kwaɗo, ƙwayarsa ake yin daddawar batso da ita, jan kwanson kuma shi duniya ke rububi. Misirawa na shan sa da zafi da sanyi, a Senegal shi ne abin tarbar baƙo, Meziko kuma tana sayen busasshensa tan-tan daga Kano da Jigawa, inda kasuwar Maigatari da ke bakin iyakarmu take cikin wuraren da ake tara shi. Mu ne muka mai da shi abin ƙulli a leda na ƙofar makaranta, muka tsinka shi da ruwa, muka cika shi da sukari da garin ɗanɗano na kanti, har ya zama in an ce za a ba baƙo zoɓo sai a ji kamar an rage masa daraja.

Zoɓon da zai hau teburin irin wannan dare daban ne, kuma tun daga kasuwa ake fara shi. A nemi na sabuwar kaka, wanda jansa ya yi duhu, kwansonsa cikakke, in an shinshina a ji tsami mai daɗi ba warin rumbu ba. Da yake aure ya fi yawa bayan an kai amfanin gona gida, ma'aurata da yawa ranarsu na faɗowa daidai lokacin da sabon zoɓo ke kasuwa. A ɗauraye shi da ruwan sanyi da sauri don yashi ya fita, kada a jiƙa shi a wankin, launin zai bi ruwa. A tafasa ruwa daban da ɗanyar citta da aka daddaka da kanumfari ƙwara kaɗan, a sauke, sannan a zuba zoɓon a rufe. Doguwar tafasa tana kashe ƙamshi, tana fito da ɗaci. Bayan kamar rabin awa a tace da ƙyalle mai tsabta har sau biyu, domin a gilashi duk wani gari yana nunawa. Wasu kan jefa kanwa don su kashe tsami. Kada a yi. Kanwa na mai da jan nan mai haske ya koma baƙi-baƙi, kuma tsamin da ake kashewa shi ne dalilin kawo zoɓon kusa da nama. Wajen zaƙi, a sa rabin abin da aka saba, a ɗanɗana, a tsaya nan. Kuma tunda muna ƙasar rake, daga fadamun Dungu zuwa sauran kwarin Korama, ba dole sai farin sukari ba: ɗan gutsuren mazarƙwaila ko ruwan rake da aka matse yana ba zoɓo wani zurfi da sukarin kwali ba ya bayarwa. Ganyen na'a-na'a biyu a ƙarshe ya wadatar.

Irin wannan zoɓo, mai kauri, mai tsami da ɗan bauri, shi ne abokin gasasshiyar zabuwa, da balangu, da soyayyen naman rago, da shinkafa mai mai. Ga wanda ya yi kifi ko dafaffiyar kaza mara nauyi, akwai farin zoɓo, wanda matanmu suka fi sani a miya. Jiƙonsa yana fitowa garai-garai da tsami mai kaifi, in aka matsa masa lemun tsami kaɗan ya tsaya a matsayin farar kwalbar Turawa ba tare da ya ji kunya ba. Tsamiya ma tana nan a wannan layi, musamman in abincin soye-soye ne, masa ko dankali ko ƙosai.

Lemun citta kuwa a yi hattara da shi. Yana da daɗi da sanyinsa, amma in miyar ta ji tattasai da attaruhu, ko naman ya sha yaji, zafi ne kan zafi, sai hira ta koma shan iska da share hawaye. Abin da ke kwantar da yaji nono ne, domin sinadarin da ke cikin madara yana kama man barkono ya ɗauke shi daga harshe, abin da ruwa ba ya iyawa. Sai dai fura da nono abinci ce mai zaman kanta. Wanda ya sha ludayi goma kafin a kawo tuwo ya gama cin abincin dare, uwargida kuma ta yi wahalar banza a madafa. In ana son nono a teburin, a dama kindirmo shi kaɗai ya yi ruwa-ruwa, a ba shi ƙaramin kofi.

Kunun aya shi ne wanda kowa zai fara ambata in aka ce daren ma'aurata, kuma matan aure sun san dalili, tunda aya da dabino da kwakwa suna cikin abin da iyaye mata ke haɗa wa amarya tun kafin a kai ta. Ayar ma ta kusa ce: yankin Maraɗi, wajen Agye da Gazawa, shi ne cibiyar nomanta a Nijar, har ana fitar da ita zuwa Sifen, inda mutanen Balensiya ke yin irin kunun nan su sha da sanyi lokacin zafi. Matsalarsa biyu. Yana da nauyi da zaƙi, don haka wurinsa bayan abinci ne, a madadin kayan zaƙi, ba tare da nama ba. Sannan ba ya jure jira. Kunun da aka markaɗa da hantsi aka bar shi a ɗaki cikin watan Afrilu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, kafin isha'i ya fara yauƙi da tsami. A jiƙa ayar tun daren jiya, amma markaɗe da tacewa a bar su sai bayan la'asar.

Wannan batu na juyawar abin sha ya fi ƙarfin ɗanɗano kawai. Duk ruwa mai zaƙi da aka bari cikin ɗumi yana kan hanyar tsima, kuma da dawar da ake kunu da ita ake burkutu. A Sahihu Muslim an ruwaito daga Ibn Abbas cewa ana jiƙa wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, zabibi a ruwa, yana sha har zuwa yammacin rana ta uku, abin da ya rage bayan nan ba ya ajiye shi. Darasin a fili yake, kuma a bazararmu ba a kai kwana uku. Zoɓon da ya fara kumfa da kansa, ko gorar da ta kumbura ta yi tsit da aka buɗe, a zubar. Wannan jiƙon ma kansa abin sha ne mai daraja da aka manta: dabinon Kawar ko na Ingal a tsaga a cire ƙwallo, a jiƙa da safe a ruwan randa, a tace da magariba.

Sanyi kuma sai an yi masa tanadi, don ba a dogara da wuta a ce firji zai yi aikinsa. Ƙanƙarar leda da ake saya a unguwa ba a san ruwan da aka yi ta da shi ba, kuma in ta narke tana tsinka abin da aka sha wahalar haɗawa. A zuba ta a bokiti a tsoma gorar a ciki, kada a jefa ta cikin abin shan. In babu ƙanƙara, a naɗe gorar da jiƙaƙƙen tsumma a rataye ta inda iska ke kaɗawa, ko a zaunar da ita cikin randa. Ruwan da ke tashi daga jikin tsumma ko yumɓu yana tafiya da zafi, kuma a busasshiyar iskar rani abin ya fi ci. Da wannan hikimar ce Mohammed Bah Abba, wani malami a Jigawa, ya haɗa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan lambu, har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Wanda ranarsa ta faɗo cikin ɗari kuwa ya huta da duk wannan: zoɓo da zafinsa, da citta da kanumfari, ya fi kowane abu mai sanyi daɗi a daren Janairu.

Duk wannan lissafi na abinci da yanayi yana bayan abu ɗaya, wato sanin wanda za a zuba wa. Mace mai juna biyu, likitoci kan ce ta rage zoɓo ko ta bar shi, ita sai a yi mata tsamiya mara ƙarfi ko kunun aya. Mai ciwon sukari, kwalbar kanti ba tasa ba ce, haka ma kunun da ya sha dabino; zoɓo mara zaƙi ya fi masa. Mai gyambon ciki ba ya son tsami da dare. Mai shan maganin hawan jini ya sani cewa zoɓo ma yana sauke jini: wani bincike na Jami'ar Tufts a Amurka da aka buga a 2010, kan mutum 65 da aka bi mako shida, ya nuna masu shan kofi uku a kullum lambar sama ta jininsu ta sauka da wajen maki 7. Kofi ɗaya a dare ɗaya ba zai yi haka ba, amma wanda ya mai da shi abin kullum ya gaya wa likitansa. Miji da ya shekara goma da mace ya kamata ya san waɗannan ba tare da ya tambaya ba, ya kuma san abin da take marmari tun tana gidansu. Wata duk duniya ba abin da take so irin kunun gyaɗa da aka matsa wa lemun tsami. In haka ne, shi ne abin shan daren, ko da bai dace da kowace ƙa'ida ta Turawa ba.

Gidajenmu kuma ba irin na cikin hoto ba ne. Da yawa muna zaune a babban gida, ga iyaye ga ƙanne, kuma ba a yin girki mai ƙamshi a rufe ƙofa. A yi zoɓon da yawa, a aika wa Inna da Baba nasu a jug tun da magariba, yara su sha nasu su kwanta. Mai mace fiye da ɗaya kuma ya duba kwana. In ranar ta faɗo a girkin abokiyar zama, ba a satar dare. A jira kwanan mai ranar ya zo, ko a nemi yardar mai girki a fili. Kuma wanda ya ɗauko wa amarya kwalba daga Damagaram ya tuna uwargida ma akwai ranar da aka ɗaura nata.

Saura shayi. A garuruwanmu shayi na maza ne, a fada ake shan sa, a ƙofar gida ko gindin bedi, daga bayan isha'i har dare ya raba, matan kuwa sai dai su ji ƙarar kofuna daga cikin gida. Mafi yawan mazan da suka ƙware wajen ɗaga buta sama su tsiyayo har kumfa ta cika kofi, ba su taɓa dafa wa matansu ba. A wannan dare ya kamata butar ta shigo tsakar gida, maigida ya hura gawayi da kansa, ita da ta yini a tsaye ta zauna a tabarma, ya miƙa mata kofin farko ya ce, "Hajiya, bismilla." Dahuwa uku ce: ta farko mai ɗaci, ta biyu da na'a-na'a, ta uku mai zaƙi da sauƙi, kuma ba a gaggauta su, domin kowace sai ta nuna a kan garwashi. Wannan jiran shi ke ba da lokacin hirar da aka shirya daren dominta. Tunda koren shayi na hana barci ga wanda bai saba ba, a rage ganye a butar farko, ko ita ta fara daga ta biyu. A kuma hura wutar da zarar an sauke faranti, don dahuwa uku na cin fiye da awa guda.